Waƙar da Na Ƙi Fassara wa Mama

A shekarar da yayana ya dawo daga Kano, babu inda za ka bi a Zuru ba ka ji waƙar nan ba. Mai shayi ya sa ta, mai aski ya sa ta, 'yan kabu-kabu suna rera ta a kan babur. Ni kuwa shagon ɗinkina yana manne da na mai sayar da kaset, don haka tun safe har la'asar a kunnena take. Sau biyu ina ɗinka hannun riga a baibai saboda ita.

Yayana ɗan wasa ne. Ya yi shekaru yana fitowa a finafinan Hausa. Ba wani babban tauraro ba ne, yau direba, gobe ɗan sanda, amma in ya fito sai duk unguwa ta taru a gaban bidiyo. A can ya koyi shan maganin tari, ba don tari ba, kwalba biyu, uku a rana, har masu shirya fim suka daina nemansa. Ya dawo a rame, ido a lumshe, magana da kyar. Wani abokinsa mawaƙi ne ya yi waƙar. Bai kama suna ba, amma ya ce ɗan wasan daga ƙasar duwatsu yake, ɗan tsohon soja. To, wa ya rage?

Kiɗan kam akwai daɗi, na rawa ne sosai, shi ya sa na ƙara tsanar ta. Abin da take faɗa kuwa ba na rawa ba ne. Ɗan wasa ne yake nadamar abin da kwalba ta raba shi da shi: aikinsa, abokansa, yarinyar da ta gaji da jira. Baiti na ƙarshe ya ce ranar da aka binne mahaifinsa an aika masa, amma yana kwance bai san inda kansa yake ba, da ya farfaɗo sai ya ce wa gida aiki ne ya riƙe shi. Wannan baitin ya fi ƙona mini rai, don ni ma na yarda da ƙaryar aikin nan, har ina kare shi a wurin dangi.

Tsorona ɗaya ne: kada Mama ta san abin da waƙar take cewa. Tana ƙauyenmu wajen Dabai, tare da yayana, kuma Hausarta ta kasuwa ce kawai, gaisuwa da ciniki. Duk abin da ya wuce haka ni nake mayar mata da shi yarenmu na C'lela tun ina firamare. Abin da na ce an faɗa, shi aka faɗa.

Wata ranar kasuwa ta sauko, ta zauna a bencin shagona tana hutawa, waƙar ta tashi. Sai wata mai sayar da daddawa, mace mai bakin da ba ya rufuwa, ta ce mata, "Ai a kan ɗanki aka yi waƙar nan." Fuskar Mama ta washe. Ta juyo gare ni.

"Me yake cewa a kansa?"

Ban ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ba. "Yabonsa yake, Mama. Wai ya iya wasa, ya ɗaga sunan gida."

Ta sa na karɓo mata kaset ɗin, ta ƙulle shi a gefen zani. Na so in ce ba shi da kyau, na so in ce mai kaset ya rufe, duk ban yi ba. Makonni na yi ban da sukuni. In na ji babur ya tsaya a ƙofa sai in leƙa, in ce daga gida ne. Na je na zazzage mai kaset, bawan Allah, shi da bai yi mini komai ba.

Bayan girbi dangi suka taru a gidanmu don tunawa da Baba. Rana tsaka, an ci an sha, sai ga Mama da rakoda, ta sa sabon batir. Ta ce kowa ya saurara, za a ji yadda Hausawa suke yabon ɗanta. Ta kunna, ta fara taka rawa a tsakar gida, tana ɗaga hannu. Ƙannen Baba biyu tsofaffin sojoji ne, Hausa a bakinsu kamar ruwa. Na ga sun sunkuyar da kai. Na zabura zan kashe.

"Bar shi," in ji yayana daga gindin mangwaro. "Kin yi naki."

Ya taso ya tsuguna gaban rakodar, ya mayar da kaset baya. Ya ce Mama ta zauna. In baiti ya wuce sai ya danna, ya faɗa mata da yarenmu, sannan ya sake kunnawa. Har sau biyu yana kuskure maɓallin. Bai rage komai ba, bai gyara komai ba. Da ya zo baitin binne Baba, ya faɗa, ya ƙara da cewa, "Haka aka yi."

Mama ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da ƙwarya, ta ajiye a gabansa. Kwalba uku ne a ciki, ba a buɗe ba.

"Ka ce mini ƙirjinka ne," ta ce. "Duk ranar kasuwa nake sayo maka."

Ya kifa kai a gwiwa. Sai ta juyo gare ni, ta dube ni har na rasa inda zan sa idona.

"Shi ba shi da lafiya. Ke fa? Kina ji, kika bar ni na yi rawa."

Yayana ya sha wahala kafin ya rabu da abin, ya faɗi ya tashi ba sau ɗaya ba, kuma ta yafe masa tun kafin ya gama. Ni ma ba ta daina zuwa shagona ba, tana kawo mini gyaɗa da sabuwar dawa. Amma in wani ya yi Hausar da ta fi ƙarfinta, ko ina zaune kusa da ita, sai ta tsallake ni ta tambayi na gaba. Haka muka yi har ta rasu.