Kusurwar da Baba Ba Ya Nomawa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Allah Ya jiƙansa da rahama. Duk saukar damina yakan faɗo mini a rai, amma bana abin ya fi yi mini ciwo.

A fadamarmu ta wajen Sandamu akwai wata kusurwa da Baba bai taɓa yarda garma ta shiga ba. A nan albasar kwaɗi take fitowa, mai farin fure da ratsin ja, wadda ko a lokacin ba kowace fadama ake samunta ba. Baba ba ya shuka da ruwan farko. Sai ya ga furen nan ya buɗe, sannan ya yarda ƙasa ta sha ta ƙoshi. Maƙwabta su yi ta yi masa tsiya, wai Malam yana jiran izinin ciyawa. Su shuka, rana ta ƙone, su sake. Shi kuwa sau ɗaya yake yi.

Da ya rasu, gona ta dawo hannuna, tunda ni na zauna a gida. Ni kuma ga wayon zamani! Na ce wuri yana zaman banza. Na sa aka yi feshin maganin ciyawa, aka tone kawunan albasar kwaɗin, na dasa tumatir. Wallahi ban ɗauka wani abu na yi ba. Da Baba zai ga fadamar yau, injin ban ruwa ta ko'ina, na san ba zai yi faɗa ba. Shiru zai yi, shirun nan nasa da nake tsoro tun ina yaro.

Inna, mahaifiyata, idonta ya tafi. Kowace damina sai ta tambaye ni, "Auta, albasar ta fito?" In ce ta fito. Bana sai ta ce in tsinko mata ɗaya ta shinshina. Kwana uku ina bin fadamu har Baure, ko ɗaya ban samu ba. Na dawo na durƙusa na gaya mata gaskiya.

Ta ce, "Ai na sani. Babanku in ya dawo daga can, rigarsa ƙamshinta take yi. Taka ta daɗe da dainawa. Jira nake ka faɗa da bakinka."

Na gaji gonarsa da fartanyarsa, haƙurinsa ne ban gada ba. Bana na bar kusurwar ban shuka komai ba. Ruwa ya sauka sau huɗu, kullum da safe ina zuwa in duba. Inna ta daina tambaya.