Amaryar Baffa Ta Yi Fure

Bazara ce mai nauyi a shekarar, irin wadda ruwan randa ma yake ɗumi. Kowa a Sheshe yana nema wa kansa inuwa, Baffa kuwa tukunyar fure yake nema wa. Kun dai san shi: rana ta matsa, ya ɗauki tukunya ya matsa, yana cewa, “A ba Amarya hanya.”

Baffa ƙanin mahaifina ne, kuma ɗansa nake aure, shi ya sa komai a idona aka yi. Maigidana ne ya kawo masa furen daga Abuja, wai okid sunansa, a 'yar roba cike da ɓawon itace. Baffa ya leƙa ya ɓata rai.

“Baƙuwa guda a zaunar da ita kan ɓawo? A gidana?”

Ya zubar da ɓawon, ya cika tukunya da ƙasar gona da takin awaki. Duk alwalar da ya yi, ragowar ruwan buta nata ne. Wata ya bi wata, ko ganye ɗaya ba ta ƙara ba, na jikinta ma suka yamushe.

Na ce a hankali, “Baffa, anya ruwan bai yi yawa ba?”

“Kunya take ji, Binta. Ke da kika zo, kin ci abinci a makon farko?”

Amininsa Malam Kyari, mai turare a Kasuwar Kurmi, kullum ya zo sai ya tsokane shi.

“Malam, in an yi jana'izar, a bar mini tukunyar in sa albasa.”

“Sai ka miƙe mata tsaye, Babarbare. Ka rubuta ka ajiye.”

Da ganye ya fara faɗuwa Baffa ya daina raha. Wata safiya ya juye tukunyar a kan tabarma. Saiwoyin duk sun ruɓe, suna wari, sai guda ɗaya da ta tsallake baki ta manne a bayan tukunya, kore shar. Ya daɗe yana kallonta.

“Wadda ta gudu daga karamcina ita ce mai lafiya. To, iska take so.”

Bai ce ya yi kuskure ba, wai Amarya ce ba ta yi bayani ba. Ya ɗauko almakashin gemunsa ya yanke ruɓaɓɓun, ya barbaɗa garin kirfa a wuraren yankan, don kayan yaji ya sayar duk rayuwarsa. Ya huda sabuwar tukunyata da ƙusa ta ko'ina, ya ɓare ɓawon itacen girki, ya kwashe min gawayi.

“Baffa, da me zan dafa na rana?”

“Yau a sha gari. Jinya ake yi.”

Ya dasa Amarya a ciki, ya ajiye ta gefen randa, ruwa kuma sai ranar Juma'a. Bayan damina sabbin saiwoyi suka leƙo ta hujojin, daga baya wani siririn reshe ya miƙe, ya jera furanni farare masu jan ciki.

A ranar, Baffa ya sa babbar riga, ya rungume tukunya har Kurmi, ya dire ta a kan teburin Malam Kyari. Malam ya miƙe don ya gani da kyau, ya sunkuya ya shinshina.

“Ba ƙamshi.”

“Ba na sayarwa ba ne. Amma ka lura a tsaye kake?”

Maƙwabtan rumfa suka yi ta dariya har da riƙe ciki.

Bara Allah ya karɓi Baffa. Allah ya jiƙansa, ya sanyaya makwancinsa, ya ba shi inuwar da ba ta gushewa.

Ranar addu'ar uku Malam Kyari ya sa aka kira ni zaure. Ya kasa haɗa ido da ni.

“'Yata, in Amarya ta yi 'ya, a tuna da ni.”

Da ma akwai wani ɗan tsiro a jikin reshen, har ya fitar da saiwa. Washegari da safe na cire shi, na sa masa gawayi da ɓawo, na yafa mayafi na kai wa Malam Kyari har ƙofar gida.