Buhun kaɗanyar Madam Rakiya

Madam Rakiya ta rasu. Yau da safe na ji, a ƙofar gidanta, ko moto, wato babur ɗina, ban kashe ba.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na taso daga Dogarawa da sassafe don in ɗauko ta. Mun yi da ita yau za ta zo gidana saboda hannun ɗiyata Balki. Ina shan kwanar layinsu a Ƙonni sai na ga tabarmi shimfiɗe, maza zaune. Wallahi na ce a raina ko suna ake yi. Ƙanenta Malam Idi ya taso ya dafa kan moto, ya kira ni da sunan da ake kiran malamin boko a wajenmu, ya ce, "Mushe, sai haƙuri. Jiya ne bayan la'asar. Mun yi ta kiranka, babu rezo, waya ba ta shiga. Har mun kai ta."

Har sun kai ta, ni ina can ina wanke moto don kar zanenta ya ɓaci.

Ku da kunka tashi wajenmu kun san ta. Wanda bai sani ba, ita ce majo, wato babbar ma'aikaciyar jinya, ta dispansar ɗinmu shekara da shekaru, kafin ta aje aiki ta dawo Ƙonni. Gajeriyar mace, gilashi ɗaure da zare, ga faɗa kamar mi.

Shekara bakwai ke nan da sanina da ita. Na faɗi da moto kan hanyar Tsarnawa, kuncina ya tsage, ta yi mini ɗinki. Saura wata guda bikina. Ni kuwa ango, ba ni son tabo. Wani abokina ya kai ni kasuwar bakin iyaka munka sayo wani mai na bilicin, mai hoton mace tana murmushi, ya ce in haɗa da lemun tsami in shafa safe da maraice. Na shafa a kan ɗinki ɗanye. Kwana uku fuskata ta kumbura tana ruwa.

Da na koma, ta karɓi man ta juya bayansa, ta miƙo mini.

"Kai ne kake karantar da ƴaƴan mutane a lakwal, ko? To karanta mini."

Na kai layi na biyu na kakare.

Ta ce, "Abin da bakinka ya kasa faɗi, shi ka ba rauni ya ci? Kai, Mushe, boko bai yi maka rana ba."

Ta wanke, ta rufe, ta hana ni madubi. Sai da bakin raunin ya haɗe sarai sannan ta ce in fara shafa basilin fari, kaɗan, da hannu wankakke, kuma in riƙa sa malafa in zan shiga rana. Na yi aure da malafa a ka, abokai na dariya. Yau sai na nuna maka wurin kafin ka gane an taɓa ɗinke ni.

Dokokinta ba su da yawa, kuma har a kasuwa za ta tsayar da kai ta maimaita maka. Rauni in bai rufe ba, ba a sa masa komai sai abin da likita ya sa. In ya rufe, mai guda ɗaya, wanda ba a haɗa shi da komai ba, basilin ko man kaɗanya tsantsa. Kowane mai anka kawo mata sai ta shinshina. In yana ƙamshi ta ce, "Wanga na zuwa biki ne." In yana yaji ta ce, "Wanga a kai shi miya." Wanda ta yarda da shi ma sai ta fara gwada maka a cikin damtse ta ga yadda zai kwana.

Amma abin da ya fi ba ni mamaki kwandonta ne.

Kun san halinmu. Mai dubiya ba ya zuwa hannu sake. Wannan ta zo da toka, wancan da gashin zomo, wani da man goge baki, wani da ƙullin da ko shi bai san mi ke ciki ba. Kuma in ka ƙi karɓa ka yi cin fuska, a daina gaishe ka. Madam ba ta taɓa ƙin na kowa ba. Hannu biyu take sawa ta karɓa, ta yi godiya, ta tambayi lafiyar gida, ta raka mutum har ƙofa. Yana juya baya ta tura ƙullin cikin wani kwando da ke ƙarƙashin gado. Ba wanda ya ji kunya, ba raunin da ya lalace.

Ni da na ga wannan duka da idona, ku ji abin da na yi.

Bara Balki ta tsoma hannunta na dama cikin tukunyar kunu mai zafi. Shekararta huɗu lokacin. Madam ta riga ta bar garin. Mahaifiyata, Inna, ta zo daga Illela a gigice, ta kwaɓa gashin zomo da toka da wani abu baƙi, ta lafta wa hannun, ta naɗe yatsun wuri guda da tsumma. Ina tsaye. Na san ba daidai ba ne. Matata Hawwa tana kallona tana jiran in yi magana.

Ban yi ba. Tunda anka haife ni ban taɓa ce wa Inna a'a ba.

Hannun ya warke a dunƙule. Yatsu uku sunka manne da tafi. Yarinya ba ta iya riƙe ludayi, ba ta iya tafi da ƙawayenta, sai ta tsaya gefe ta ɓoye hannun cikin riga.

Ranar da na kai wa Madam ita, na shirya shan zagi. Ba ta zage ni ba. Ta daɗe tana juya hannun, sannan ta ce da Balki, "Ƙawata, za mu buɗe shi in Allah ya so." Ni ko kallona ba ta yi ba. Da ma ta mare ni, da ya fi mini sauƙi.

Ita ta yi ta kai da komo har munka samu randebu, wato ranar ganin likita, a asibitin da ake irin wannan tiyata. Kwana goma sha biyu ke nan da anka yi. An raba yatsun, an ɗebo fata daga cinyarta an dasa. Likita ya faɗa mini gaban Hawwa, bai ɓoye ba: in wani abu ya shiga fatar nan ta mutu, gyara na biyu da wuya ya yi kyau. Ya ce kar a buɗe bandeji a gida, kar a shafa komai.

Inna kuwa ta sake zuwa. Da gwangwani.

Kar ku zage ta, don Allah. Ba wanda ya yi kukan hannun nan kamar ita. A ganinta wancan karon bai yi ba ne don an daina shafawa da wuri. Wannan karon ta je har wani ƙauye da ƙafarta ta karɓo wani haɗi, ta zo da shi ƙulle a bakin zane. Na shinshina a ɓoye. Ƙamshi da yaji duk yana da su.

Ran Juma'a na zo wurin Madam da wannan magana. Ganina da ita na ƙarshe ke nan. Tana zaune a tsakar gida, ƙafafunta sun kumbura, tana magana tana hutawa. Na gani, na ce sannu, na ci gaba da zuba mata damuwata. Ban tambaye ta mi likita ya ce mata ba. Wannan zai daɗe yana cin raina.

Na ce, "Madam, in sa gwangwanin kwando?"

Ta yi dariya har da tari. "Kwando na baƙi ne, Mushe. Baƙo tahiya yake yi. Uwa zama take yi sai ta ga an shafa."

"To yaya zan yi?"

"Tsohuwar nan ba gwangwanin ne ya dame ta ba. So take a ce hannunta na cikin warkewar jikarta. Aiki zan ba ta."

Ashe ta sa an kawo mata ƴaƴan kaɗanya daga kudu. Dabararta ita ce ta ce wa Inna ba ta yarda da man kasuwa ba, sai wanda kaka ta yi da hannunta. Inna ta shanya, ta fasa, ta soya, ta daka, ta kaɗa, ta tace. Kafin ta gama, an ci kwanaki, fata ta kama, likita ya ba da izini. Daga nan Inna ce za ta riƙa murza yatsun kullum, ba wani ba.

Ta aika wa Inna saƙo ta bakina: kar a buɗe gwangwani sai ta zo sun duba tare. Inna ta yarda, don sa'arta ce, kuma tana jin nauyinta. Ta ce za ta jira zuwa azahar ɗin yau.

Da zan baro gidan ɗazu, Malam Idi ya shiga ciki ya fito da ƙaramin buhu ɗaure da igiya. Ya ce, "Jiya da safe ta ɗaure shi da kanta. Ta ce na tahiyar gobe ne, kar a taɓa."

A nan ne kukan ya zo mini, gaban mutane.

Yanzu buhun na ɗaure bayan moto, ni kuma ina siber, shagon intanet, ina rubuta wannan. In faɗa muku gaskiya? Ba don in sanar da ku kaɗai na shigo ba. Tsoro ne ya shigo da ni. Awa guda ina zaune. Hawwa ta hau tudun bayan lakwal inda ake samun rezo ta kira ni sau uku. A na ukun na ɗauka. Ta ce labari ya isa gida, Inna ta yi salati ta yi kuka, sannan ta ce tunda Allah ya ɗauke mai dubawa, sai a yi da abin da ke hannu. Ta ce gwangwanin na kan tabarma, kuma Balki na tambaya yaushe ƙawarta za ta zo.

Hawwa ta ce, "Ni suruka ce, ba ni da baki. Bara ka yi shiru. Ka zo."

Jama'a, ina da buhun, amma ba ni da bakin Madam. Ban san ko Inna za ta karɓi wannan aiki daga hannuna ba. In ta karɓa, alhamdu lillahi. In ta ƙi, to yau zan zauna tsakaninta da hannun nan, in ce mata a'a, ko da za ta koma Illela ta daina amsa gaisuwata.

Ya Allah, Rakiya ta rufe raunukan bayinka ba ta tona asirin kowa ba, ka rufa mata asiri. Ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka sanyaya mata makwanci kamar yadda ta sanyaya mana jiki. Ka ba Malam Idi da sauran dangi haƙuri.

Duk wanda ya karanta, in ta taɓa ɗinke ka, ko ta taɓa yi maka faɗa, ko ba ka ma san ta ba, don Allah ka yi mata Ƙulhuwallahu ƙafa uku. In ka gama kar ka shafa tukuna. Ka ƙara da Balki, Allah ya sa fatar ta kama. Ka ƙara da ni, Allah ya buɗe mini baki gaban uwata.

Sha biyu ta wuce. Na tafi.