Sake-Ja da Ɗakin Mai Ɗinki

Kafin ƙarfe bakwai maigidana ya riga ya buɗe ofishin safiyo. Ba ya zama sai ya ɗauko tef ɗin ƙarfe ya fito baranda, inda aka kafa ƙusoshi biyu a siminti, mita talatin cif tsakaninsu. Nan yake gwada tef kowace safiya, ya ga ko ya miƙe ko ya lanƙwashe. Shekara talatin da huɗu yana haka, kuma ni ne a ɗaya bakin tef ɗin. Mu bakwai muka fara jan tef a ofishin nan, ni kaɗai na rage a tsaye. Maciji ya sare ni sau biyu, kogi ya tafi da ni ya ga ba zai iya ba ya dawo da ni. Ban taɓa shiga aji ba, 'yata ce ke rubutawa ina faɗa, amma ban taɓa kafa turke a karkace ba.

Sake-Ja muke ce masa, don ko awo ya fito daidai sai ya ce mini, "Dogo, sake ja." A watan nan yake ajiye aiki, shi ya sa na ce sai jama'a sun ji abin da idona ya gani.

Shekara shida da suka wuce aka zo faɗaɗa titin bayan kasuwa. Kamfanin da ke aikin ya turo injiniya matashi da na'ura sabuwa fil. Ya ɗauko awo daga babban turken siminti na kan tudu, kilomita huɗu daga titin, ya zo ya ja layi. Layin ya ratsa tsakiyar ɗakin wata mai ɗinki. Aka shafa wa bangon jan fenti, aka ce katafila za ta zo ranar Litinin.

Ranar Alhamis matar ta shigo ofis da takardar filinta a leda.

"Malam, an ce kai ka auna filin nan lokacin marigayi mijina."

"Ni ne, Hajiya."

"To ko kai ka yi ƙarya a lokacin, ko su suke yi yanzu. Da hannunsa ya gina ɗakin nan. A ciki kekena yake, da shi nake ciyar da marayu huɗu."

Sake-Ja bai kare kansa ba. Ya ɗauki takardar, muka shiga mota. A bakin titin ya karɓi littafin injiniyan, ya daɗe yana bin lambobi da ɗan yatsa.

"Ɗana, wannan mita dubu huɗun, ta taswira ce ko ta ƙasa?"

"Baba, mita ai mita ce. Na'urar nan ba ta kuskure."

"Ita ba ta yi ba."

Sai Sake-Ja ya miƙa hannu ya cire hulata, hular da ba mahalukin da ya isa ya taɓa, ya danne ta a kan mota har ta tattare.

"Duniya a dunƙule take kamar kan Dogo, taswira kuwa a shimfiɗe. Ba a kwantar da dunƙule a takarda sai an matse shi. A yankin nan, kowace kilomita ta taswira ta gaza ta ƙasa da santimita arba'in. Kai ka ɗauko tsawon takarda ka ɗora a ƙasa, ba ka mayar masa da abin da aka rage ba. Arba'in sau huɗu nawa?"

Injiniyan ya lissafa, ya ce, "Mita ɗaya da sittin."

"Ga ta can a tsakiyar ɗakin baiwar Allah."

Matashin bai miƙa wuya ba, ya ce sai ya gani a ƙasa. Sake-Ja ya ce ya yi daidai. Aka sa gyaran a cikin na'urar tasa, aka koma tudu, aka sake taho da awo tun daga farko. Kwana biyu ina gaba da sanda a kafaɗa, da shekaruna sittin da ɗoriya, masu jini a jika suna baya suna haki. Ranar Asabar da la'asar layi ya sauka a wajen bangon, da tazarar taƙi guda. Sake-Ja ya ce, "Dogo, tona nan." Na tona. Bakin diga ya daki siminti. Turken da na kafa da hannuna shekara ashirin baya ne, yana tsaye daram, layin ya hau kansa.

Kun san abin da ya ce? "Sake ja." Muka sake, ya fito haka.

Bai kai ƙarar yaron wurin manyansa ba. Ya zaunar da shi ya rubuta gyaran da kansa, ya sa hannu da sunansa. Shi kuma injiniyan ya ari wuƙa wajen mai ɗinkin, ya kankare jan fentin yana ba ta haƙuri. Ta ce masa, "Kankare da kyau, ɗan nan, har can ƙasa."

Kai ne, maigidana, ba ka taɓa yarda da lamba ba sai ka tambaye ta inda ta fito. Kai ne ka san kamu guda a ofis ba komai ba ne, amma a ƙasa gadon wani ne ko bakin rijiyarsa. Na gode. Na ja tef a bayan mutane da yawa, kai kaɗai na yarda ka fi ni ido. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya bar maka gwiwoyinka.

Ku kuma masu sababbin na'urori, ban raina kayanku ba. Amma kafin ku buɗe gwangwanin jan fenti, ku yi wa kanku tambayar da ya yi wa injiniyan, ku sake ja. Mai shakka ya bi titin bayan kasuwa da hantsi. Kwalta ta wuce, ɗakin na nan, taƙi guda tsakaninsu, ni na auna da hannuna. Tun daga kwana za ka jiyo ƙarar keken.