Humrar da Na Wanke a Kaduna

Mun tashi da asuba daga Rigachikun, ni da ƙanwata, fitata ta farko tun da na gama takabar Malam. Ban iya rubutu ba. Ina faɗa ne 'yata na rubutawa, in kuka ya zo ta jira ni.

Wani ƙullutu a mamana na hagu shi ya fitar da ni. Tun Malam na da rai wani likita ya ce ba komai, wani ya ce da abin tsoro, muka rasa na kamawa. Yana kwance yana jinya ya ce lallai in je a sake dubawa.

Duk takaba ban taɓa ƙamshi ba, don haka na shafa humra, na zuba hoda har hammata. Kuɗin mota ya ninka, amma direban, wani Bakatsine, ya ce kujerar gaba ta Hajiya ce. A Kawo muka wuce masu ƙosai ina haɗiyar yawu, don an ce in zo ban karya ba.

A asibiti ma'aikaciyar ta shaƙi ƙamshina ta yi murmushi. "Mama, wannan ai kwalliyar biki ce. Sai an wanke, hoda kan fito a hoto kamar ciwo."

"'Yar nan, yau fa na fara shafawa."

"Ki ajiye sauran sai yamma."

Na wanke ina dariya, hawaye na zuba. Aka yi mini allura a jijiya, ɗumi ya ratsa ni har tafin ƙafa, sannan na'ura ta matse wurin kamar ana tatsar man ƙuli.

Likitar ta nuna mini hoton. Ta ce mugun ƙari kan sha ruwan allurar ya yi haske, nawa bai sha ba, ruwa ne kawai a ciki. Na ce, "Likita, an taɓa ce mini ba komai." Ta ce yanzu kalmomi iri ɗaya ake rubutawa, da lamba a ƙarshe, ko Zariya na kai ko Kano abu ɗaya za a karanta. Tawa biyu ce, wato ba ciwon daji ba ne.

Nan na gane. Malam hatsi yake sayarwa, kullum ƙorafinsa mudun wannan kasuwa ba na waccan ba ne. Ashe likitoci ma sai da suka daidaita mudunsu.

A dawowa muka sauka Kawo na ci ƙosan nan da zafinsa. Abin da tafiyar ta koya mini, wadda ba ta karatu ma tana iya riƙe lamba ɗaya ta yi barci.

Mun iso gida bayan la'asar. Na yi sallama a zaure inda yake shimfiɗa buzunsa, ba mai amsawa. Na ce, "Malam, na je. Biyu ce." Sannan na shiga ɗaki na buɗe kwalbar humra.