Bokitan da Suka Tsallake Makarantarmu

Me ya kashe Malam? Shekaru ke nan ina tambayar kaina, kuma duk safiyar da aka buga ƙarfen firamaren da ke bayan gidanmu a Sabon Gari, sai tambayar ta dawo sabuwa. A da mijina Malam ke buga ƙarfen nan. Shi ne maigadi, shi ke buɗe ƙofa, shi ke rufewa.

Ni ban taɓa zama a aji ba. Ina ƙarama a Darki, ranar da masu ɗaukar yara boko suka zo, kakata ta ɗaga ni ta saka a rumbu ta rufe. "In kika yi tari, ni da ke ne," ta ce. Har yau ina jin ƙaiƙayin gero a wuyana. Na yi shiru har la'asar, kuma shirun nan ne ya sa yau jikata ke riƙe mini alƙalami.

Shi ya sa da korona ta zo aka rufe makarantu, na fi kowa ƙunci. Bazara ta wuce, damina ta sauka, ciyawa ta cinye filin makaranta, jikata tana zaune tana tsinkar zogale, karatunta yana zubewa. Da kaka aka fara zancen buɗewa, sai unguwa ta rabe biyu. Mabiya masu mulki suna cewa a buɗe, cuta ta tafi. 'Yan adawa suna cewa za a kashe 'ya'yan talakawa. Waɗanda lokacin zafi suke rantsuwa babu wata cuta, su suka koma sun fi kowa tsoronta, don kawai abokan hamayyarsu sun ce a buɗe. Ɗan wan Malam yana wannan ɓangare, ɗan ƙanwarsa yana wancan, ko a masallaci sun daina gaisawa.

Malam yana da ciwon ƙirji, ya ce zai nemi hutu. Na ce, "Malam, in ba ka buɗe ba, wa zai buɗe?" Ni na faɗa, da bakina.

An yi alkawarin bokitai masu famfo da sabulu. Da idonmu muka ga motar, ta wuce ta sauke a wata unguwa. Tamu aka tsallake, wai akwatinmu bai yi musu ba a zaɓe. Hedimasta ya ce doka ce, yaro ba ya shiga sai ya wanke hannu. Sai Malam ya ɗauki butar alwalarsa. Ya ja ruwa a rijiya, ya tsaya a ƙofa yana zuba wa yara ɗaya bayan ɗaya, masu mura da masu tari, rigarsa jiƙe sharkaf. Mako uku yana haka, sannan ya kwanta. Ba wanda ya zo ya gwada shi.

Ina cikin takaba su biyun suka shigo gaisuwa. Ɗan ƙanwarsa ya miƙo waya saitin bakina. "Iya, faɗa wa duniya korona ce, su suka kashe shi."

Ɗan wansa ya ce, "Haba Iya, tsufa ne. Kada ki bari a yi siyasa da ke."

Na ce, "Da yake jan guga kuna ina? Ku tashi mini daga tabarma."

Bayan sadakar arba'in aka kawo bokitan, aka ɗauki hoto. Yau su biyun jam'iyyarsu ɗaya, mota ɗaya suke shiga, suna ɗaga mini hannu. Ba na amsawa. Na san kwana ne ya ƙare, amma ban yafe musu ba, kuma ban san yadda zan yafe wa harshena ba.

Safiyar Malam ta ƙarshe a duniya, hantsi ya yi ba a buga ƙarfe ba. Ya juyo da ƙyar, numfashi yana sarƙewa, ya kama gefen zanina.

"Ki riƙa tashin yarinyar nan da wuri," ya ce. "Kada a rufe ƙofa tana waje."