Sulke Na Wasa

Ƙanina yana gyaran waya a wata rumfa kusa da bakin iyaka a Jibiya, inda manyan motoci ke jeruwa kafin su tsallaka zuwa Maraɗi. Da wannan sana'a aka san shi. Amma a gida, a ɗakin da ke jikin zaure, yana da wata na'ura da yake kira firinta, duk da cewa ba takarda take bugawa ba. Zaren roba take ci, wanda ke zuwa a nannaɗe. Takan narkar da shi, ta riƙa shimfiɗa shi siriri-siriri, layi bisa layi, har abu ya tashi da tsawo da kauri, mutum ya ɗauka ya riƙe a hannu. Ba ta da sauri. Abin da bai fi tafin hannu ba sai ya cinye mata yini, kuma idan batirin sola ya gaza a tsakiyar aiki, sai a koma farko.

Ƙananan abubuwa ya fara bugawa, irin su mariƙin waya da murfin caja. Daga baya wasu matasa suka gano shi ta intanet. Samari ne da 'yan mata a Kano da Kaduna, har da Maraɗi, masu son jaruman fina-finan zane da na wasannin kwamfuta. Sukan yi taro, kowa ya yi shiga irin ta jarumin da yake so, a ɗauki hotuna, a watse. Su ne yake buga wa kwalkwali, da abin rufe ƙirji, da na kafaɗa da dantse. Gunduwa-gunduwa yake fitar da su, ya manne, ya goge da samfefa har layukan su ɓace, sannan ya fesa fenti mai launin tsohon ƙarfe. Har tabon saran takobi yakan zana. Daga nesa babu mai cewa ba daga maƙera suka fito ba, sai an ɗaga a ji ba su kai ƙwaryar fura nauyi ba.

Wani direba ne ke tsallakar masa da kayan mutanen Maraɗi. Wata rana a wajen binciken kaya, wanda direbobin can ke kira duwan, aka buɗe kwalin, aka ƙwanƙwasa abin rufe ƙirjin da yatsa, aka tambaye shi mene ne wannan. Ya ce sulke ne na wasa. Aka yi dariya, aka rufe, ya wuce. Ya dawo tasha ya ba da labarin, masu lodi suka ɗauka, 'yan kabu-kabu suka kai shi ƙauyuka. A hanya “na wasa” ta faɗi, “sulke” ta ci gaba da tafiya ita kaɗai.

A lokacin kaka kalmar ta iso gidan kawunmu.

Kawu yayan mahaifiyarmu ne, manomi a wani ƙauye a yankin Farfaru. Gonarsa babba tana can gefen daji, wajen da yawancin mutane suka daina zuwa tun da 'yan bindiga suka fara ɗaukar manoma. Shekarar da ta gabata ya bar ta ba shuka. Wannan shekarar ya shuka gero a ɓoye, a gaggauce, Allah kuma ya ba da damina mai kyau. Gero ya nuna, rumbunsa babu komai, kuma babu wanda ya yarda ya raka shi girbi.

Ina gida ranar da ya zo, da hantsi. Ya gaisa da mahaifiyarmu a ciki, ya sha ruwa, sannan ya fito ya tsaya a ƙofar ɗakin firinta. Tana cikin aiki, tana ɗan kukanta.

“Ina Injiniya?” in ji shi. “An ce mani ka zama maƙeri, ba wuta ba zugazugi.”

“Maƙerin roba dai, Kawu. Ka shigo, ga kujera.”

Bai zauna ba. Idonsa na kan wani sulken ƙirji da ke rataye a ƙusa, wanda ƙanina ya gama wa fenti. Na wani saurayi ne a Maraɗi, ya ci makonni ana aikinsa, washegari direba zai tafi da shi.

“Irin wanga na zo ka yi mani,” in ji Kawu. “Ɗauko awonka ka auna ƙirjina.”

Ƙanina ya yi dariya, yana zaton tsokana ce. Ya ce, “Wane jarumi za ka fito, Kawu?” Da ya dubi fuskar tsohon sai dariyar ta tsaya.

“Gona za ni,” in ji Kawu.

Ni da nake aiki a gidan rediyo, na sa baki. Na yi masa bayani dalla-dalla: cewa roba ce, irin ta bokiti, cewa don hoto ake yin ta, cewa rigar da sojoji ke sawa da wani abu dabam ake yi, mai nauyi ƙwarai. Ya bari na gama, don mutum ne mai ladabin saurare.

“Kai ɗan rediyo, ba labarai na zo ji ba,” in ji shi. “A bakinku na san kalmar. Kullum motocin sulke sun iso, rigunan sulke sun iso. To ga sulke a gidan ƙanwata, sai yau za ka ce mani ba sulke ba ne?”

“Kawu, ɗaga ka ji. Ba nauyi.”

“Wayar da ke aljihunka nauyi gare ta? Ba ga shi tana kai magana Makka ba? Kayan zamani ba a auna su da hannu.”

Na ce to a ɗauko taɓarya a buga masa, ya gani da idonsa.

“Taɓarya harsashi ce? Ko gatari ai ana fasa shi in an so.” Ya rage murya. “Ku hwaɗa mani gaskiya. Hukuma ta hana ku ba talaka, ko? In haka ne ba mai ji a bakina. Ƙarƙashin riga zan sa.”

A nan na gane cewa duk musun da muka yi ƙara masa imani yake. A wurinsa, abin da ake ɓoyewa shi ne mai aiki. Kuma na san idan muka hana shi kawai, zai koma yana cewa 'ya'yan ƙanwarsa suna da maganin bindiga a ɗaki suka bar shi ya tafi haka. Idan kuma muka ba shi, zai tsaya a tsakiyar gona da gaba gaɗi a lokacin da ya kamata ya gudu.

Can ƙanina ya miƙe, ya sauko da sulken daga ƙusa.

“Gwada, Kawu.”

Na dube shi, bai dube ni ba. Ya ɗora wa tsohon a kan riga, ya ɗaure maɗaurin ta baya. Ya yi masa yawa, don saurayin Maraɗi ƙato ne. Duk da haka Kawu ya miƙe sosai, ya buɗe kafaɗu, ya shafa ƙirjin da tafin hannunsa mai kaushi. Tun da aka fara wannan fitina ban ga fuskarsa a sake haka ba.

“Alhamdu lillahi,” in ji shi a hankali.

Ƙanina ya fita tsakar gida ya dawo da tukunyar ruwan zafi da babban daro. Wannan cikin aikinsa ne: abin dantse a shimfiɗe yake buga shi, sai ya tsoma a ruwan zafi, ya yi laushi, ya lanƙwasa shi daidai hannun mai shi kafin ya huce. Amma ba a yi wa wanda aka riga aka gama haka.

“Kwance mu gani, Kawu. Akwai abin da ya rage.”

Ya karɓa, ya kwantar da shi cikin daron, ya juye ruwan a kai. Tururi ya tashi. Da farko babu abin da ya faru. Sannan tudun ƙirjin ya fara lotsawa, gefen ya naɗo, fentin ya yamutse kamar fatar tsoho, wuraren da aka manne suka buɗe.

“Ruwan shayi ne, Kawu,” in ji ƙanina. “Ban sa komai a ciki ba. Ciro da hannunka.”

Kawu ya durƙusa. Ya kama gefe da yatsu biyu ya ɗaga, abin ya zo masa lagwai-lagwai kamar ganda. Ya murɗa, ya murɗu. Ya riƙe shi haka har ya huce ya sandare a karkace. Sai ya ajiye a ƙasa, ya goge hannu a riga.

“Na mutane ne ka ɓata?”

“Na mutane ne.”

“Kai ko ba ka da hankali.”

Sai a lokacin ya zauna a kujerar. Firinta na ta kai da kawo a bayansa. Ya daɗe yana kallon ƙasa.

“Da kun bar ni da shi,” in ji shi, “da na tahi hankalina kwance. Gona dai zan je, da shi ko ba shi. Yanzu ba abin da kuka ƙara mani sai tsoro.”

“Tsoron muke so ka tafi da shi, Kawu,” in ji ƙanina. “In ka ji babur, kada ka tsaya duba ko na wane ne.”

Kawu ya miƙe. Ya shiga ciki ya yi wa mahaifiyarmu sallama, bai jira abinci ba, ya hau kabu-kabu ya koma.

Ƙanina ya kira saurayin Maraɗi ya ba shi haƙuri. Bai gaya masa dalili ba, ya ce masa dai aikin ya lalace. Saurayin ya yi fushi, don taron da zai je ya kusa, bai kuma sake ba shi aiki ba.

Abin da ya faru a gona daga bakin Kawu muka ji, bayan an kwana biyu, kuma a taƙaice ya faɗa. Ya yi 'yan kwanaki yana zuwa da sassafe, ya yanka, ya ɗaure, ya tara dammuna a gindin wata bishiya, yana jiran ranar da zai samu mai amalanken da zai yarda ya shiga. Abin da kansa zai iya ɗauka kawai yake dawowa da shi kullum. Wata rana wajen azahar ya ji ƙarar babura daga ɓangaren daji. Ya yar da wuƙa, ya faɗa cikin dawar maƙwabcinsa, wadda ba a girbe ba tukuna, ya yi ta rarrafe har ya fita ta wancan gefen, bai waiwaya ba. Bai ga kowa ba. Har yau bai san ko su ne, ko 'yan sa-kai ne, ko masu ɗaukar kaya ta bayan iyaka ne. Da ya samu ƙarfin zuciyar komawa, dammunan babu su.

Ɗan abin da ya kwaso da ka bai kai su tsakiyar rani ba. Bayan nan ya kwaso iyalinsa suka dawo Jibiya, muka gyara musu ɗakuna a bayan gida. Yana nan da ransa, da lafiyarsa. Yakan wuni a zaure yana tufka igiya, ya sayar wa masu lodi a bakin iyaka. Idan baƙo ya tambaye shi labarin gonar, yakan ce an yi gero mai kyau a shekarar nan, zangarniya kamar hannu.

Mahaifiyarmu ta taɓa ce masa ya gode Allah yaran nan ba su biye masa ba. Ya ce yana godiya ga Allah kullum. Game da mu bai ce komai ba, kuma ba mu tambaye shi ba.